Itacen Rufe Kabari

Tamaske

Zuwa ga Yaya Imrana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Zahra da yara. Na gode da zuwanku ta'aziyyar Malam.

Bayan komawarku Keita aka kama babban yarona. Ranar rasuwar babansa ba a samu itacen rufe kabari ba, sai ya shiga dashen gandun daji na gwamnati ya saro bagaruwa. Da alƙali ya tambaye shi, ya ce shi ne. Ya ɗauka kamar gaban mai gari ne, inda wanda ya amsa laifi ake yi masa faɗa a sallame shi. An ba shi shekara biyu.

Ina takaba, ban iya fita. Don Allah ka dubo mini shi a gidan kaso. Damina ta matso, ba mai shiga gona.

Ƙanwarka, Zulaihatu

Keita

Zuwa ga Zulaihatu,

Na amsa gaisuwa, Allah ya ƙara haƙuri. Na ga Sufyanu, ya rame amma yana cin abinci. Na kuma ga aboka, wato lauya. Ya ce a yi apel, wato a ɗaukaka ƙara zuwa kotun Tawa, ba don musanta laifi ba, don a ce hukuncin ya yi nauyi. Kwanakin yin sa kaɗan ne.

Ɗanki ya ƙi sa hannu. Ya ce apel warware magana ne, shi kuwa ba ya tsayawa gaban mutane ya yi kamar ba shi ya rufe ubansa ba. Na yi bayani har na gaji. Ki rubuto, in karanta masa.

Yayanki, Imrana

Tamaske

Sufyanu,

Ina gaishe ka. Kai ne ɗan fari, ban taɓa kiran sunanka ba. Yau na rubuta shi.

Ba wanda ya ce ka musanta. Kai ka sare itacen, kowa ya sani, babanka kuma yana kwance ƙarƙashinsa. Ka tuna in ya ɗora wa jaki gero ya ga ƙafa na rawa, ba ya cewa ba gero ba ne, ragewa yake yi. Abin da za ka roƙa ke nan.

Tabarmarsa na naɗe. Taka ban naɗe ba.

Allah ya yi maka albarka.
Innarka

Keita

Zulaihatu,

Bayan gaisuwa. Na karanta masa. Ya ce in maimaita layin farko, na maimaita. Ya sa hannu. Sauran na Tawa ne, mu yi addu'a.

Ran shuka zan zo da irina.

Yayanki, Imrana