Kwat Bakwai, Ƙuri'a Ɗaya Aka Soke

Daga: Alhaji Mutaru Issaka,
Titin Ogden, Highbridge,
Bronx, New York.

Zuwa ga: Hajiya Dakta Sa'adiyya Umar Farouk,
Shugabar Amintattu,
Ƙungiyar Dandalin Zango ta Bronx.

Alhamis, 5 ga Disamba, 2024.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: SOKE ƘURI'ATA A ZAƁEN KAMBUN WASAN KWAIKWAYO NA BANA

Malam Haisam Rabi'u, shugaban alƙalan gasa, ya soke ƙuri'ata ranar Lahadi, 1 ga Disamba, ya kuma ba wasan Alhaji Tamimu kambu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, wannan shi ne ƙorafina.

Ni tsoho ne. Aji uku na yi a Kumasi, sauran karatun a bakin sitiyari na yi shi, ina jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK. Ina cikin waɗanda suka kafa wannan ƙungiya tun ana wasa a falon marigayi Moro, 'yan kallo na zaune a kan tabarma. Ban iya doguwar magana ba. Zan jera.

1. Ranar Lahadi, 3 ga Nuwamba, Alhaji Tamimu, mai kantin kayan abinci a University Heights, wanda ya ɗauki nauyin wasan "Gadon Gidan Bene", ya aiko mini da kwat ɗin sanyi. Baƙa ce, mai kauri, an ɗinka sunan wasan da jan zare a ƙirji. Ban roƙa ba. Na karɓa da hannu biyu, na ba ɗan aike tukwici. Maiɗakina ta zuba waakye, wato shinkafa da wake irin namu na Kumasi, a kwano aka kai gidansa, don ba a barin hannun mai kyauta ya koma wayam.

2. Ranar Juma'a, 8 ga Nuwamba, bayan an sauko daga masallaci, na sa kwat ɗin na je kantinsa na yi godiya a gaban jama'a. Na ɗaga murya, don godiyar da ba a ji ba rabi ce. Haka aka koya mini. Na kuma gaya masa a wurin cewa kwat ta yi kyau, amma wasan ban gani ba tukuna. Ya yi dariya. Wani ya ɗauki hoto ya sa a WhatsApp na ƙungiya. Wannan hoto shi ne duk shaidar da aka kama ni da ita.

3. Mu bakwai ne alƙalai. Ina sanar da ofishinki, cikin girmamawa, cewa kwat bakwai Alhaji Tamimu ya saya. Ranar zaɓe na ga sauran shida rataye a bayan ƙofa, iri ɗaya, kamar an shiga shago. Abokan aikina masu ilimi ne, sun zauna sun tsinke jan zaren. Amma ramukan allura suna nan, ko ni mai tabarau na karanta. Babu wanda ya ba da tukwici a cikinsu. Babu wanda ya je godiya. Na tambayi Alhaji Tamimu da kaina, ya ce ko a waya babu wanda ya kira.

4. Mun kalli wasanni biyar. Biyu suka kai ƙarshe. Na Alhaji Tamimu yana da fitilu masu launi, da hayaƙi, da kujerun da aka yi haya. Na yi barci a tsakiya. Da na farka ana nan ana rigimar gidan, ban rasa komai ba. Ɗayan kuwa "Ranar Hutu" ne, na Malama Firdaoussi, 'yar Damagaram, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Mata huɗu ne da kujera ɗaya. Ban yi barci ba. Na ga maza suna share ido suna cewa mura ce.

5. A ƙa'idarmu hannu ake ɗagawa. Uku suka ɗaga wa Alhaji Tamimu, har da Malam Haisam. Uku suka ɗaga wa Malama Firdaoussi. Ni na cike na huɗu, da sunan wasan Alhaji Tamimu a ƙirjina, don hitar ɗakin ba ta aiki kuma ban ga dalilin cirewa ba. Sai Malam Haisam ya buɗe wayarsa ya karanto wata doka da Turanci, wadda ya ce an tura wa kowa tun watan Satumba. Ya fassara mini: alƙalin da aka tabbatar ya karɓi kyauta daga mai wasa, ƙuri'arsa ta faɗi. Na nuna masa bayan ƙofa. Ya ce waɗancan ba a tabbatar ba, tawa ce ke da hoto. Ƙuri'a ta koma uku da uku. Shugaba ke raba gardama. Ya raba. Sa'an nan ya sa kwat ɗinsa ya tafi.

6. Ranki ya daɗe, ke likita ce, kin fi ni sanin lissafi. A taimaka mini. An ce Alhaji Tamimu ya saye ni, shi ya sa aka soke ƙuri'ar da na hana shi, aka ba shi kambu. Na yi shekaru ina tuƙi a garin nan, ban taɓa ganin hanya mai wannan kwana ba.

7. An rubuta a WhatsApp cewa ƙungiya na binciken ko kyauta tana juya ƙuri'a. Ba sai an kafa kwamiti ba, ga amsa. Kyautar da aka gode wa a bainar jama'a ta ƙare a nan, kowa ya kama gabansa. Wadda aka kai ɗaki aka tsinke mata zare ita ce take bin mutum har wurin ɗaga hannu. Ban ce duka shidan ta bi su ba. Uku sun sa kwat sun zaɓi gaskiya, Allah ya saka musu, ko da yake har yau ba su je godiya ba.

8. Ba don kaina kaɗai na rubuto ba. Wanda ya ci kambu shi ake ba zauren ƙungiya kyauta shekara guda. Alhaji Tamimu yana da sito a bayan kanti wanda ya fi zauren girma. Malama Firdaoussi da matanta a ɗakin wanki na ƙasan gininsu suke gwaji, tsakanin injuna, kuma mai kula da ginin ya ce daga Janairu kada su ƙara. In ba zaure, ƙungiyarsu ta watse. Ita ba ta aiko mini da ko goro ba. Ba ta san na rubuta wannan ba.

Saboda haka ina roƙon ofishinki, kafin bikin ba da kambu na ranar Asabar, 14 ga Disamba, ya yi ɗaya cikin biyu. Ko a mayar da ƙuri'ata a ba mai kambu kambunta. Ko a soke duka bakwai, a nemo alƙalan da ba sa jin sanyi. Ina kuma roƙon a goge sunana daga sanarwar ƙungiya da ta kira ni mai karɓar toshiya. Jikokina ba sa amsa Hausa, amma suna karanta ta.

Ina neman afuwa in harshena ya yi kauri. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci.

Naki cikin ladabi,
Alhaji Mutaru Issaka,
Alƙalin gasa, har sai ofishinki ya ce a'a.

Ƙarin bayani: Shekaranjiya Talata Malam Haisam ya zo gidana. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kira ni Baba, ya sha shayi. Ya ce akwai mafita mai sauƙi. In mayar wa Alhaji Tamimu kwat ɗinsa, in tashi ranar biki in ce tsufa da rashin Turanci ne suka sa ban gane doka ba. Kambu ya zauna inda yake, ni kuma a bar mini kujerata baɗi. Mayar da kyauta zagi ne, kuma mutumin bai zage ni ba. Ƙuri'ata kuwa da idona biyu na ɗaga ta. Na raka shi har bakin lif, maiɗakina tana ji, na ce masa:

"Ɗana, ba zan mayar ba, kuma ba zan faɗa ba."