Kada Ka Sayi Mai Walƙiya

Malumfashi,
Nuwamba, 1965.

Zuwa ga yayana Matta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kai da Rahab da yara a can Ikko. Allah ya ƙara maku lafiya. Mu nan lafiya lau. An gama yankan dawa, auduga ta fara farfashewa, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, har coci take zuwa da kanta.

Bayan haka, Yaya, takardarka ta iso, kuma tun da na karanta ta na kasa zama wuri ɗaya. Ka ce ka zaɓa mini kyamara mai ƙyalli, mai fitilar walƙiya a ka, wai mai kantin ya ce da ita ko cikin rijiya sai a ɗauki hoto. Shi mai kantin ya taɓa ganin dambe? Ka yi haƙuri da bakina, amma kai ma Ikko ta sa ka manta da gida.

Ka san ƙanen Baba, Baba Labo, zai yi dambensa na ƙarshe bayan an ci kasuwar auduga, daga nan ya kwance zare. Masu shiryawa sun kai wasan cikin wani tsohon sito a Funtuwa don su tare ƙofa su karɓi kuɗin shiga. Na je na duba da rana tsaka. Ba haske sai ɗan abin da ke shigowa ta ƙofa da ƙarƙashin kwano. Akwatin hotona na da, in na ɗauka a wurin, inuwa kawai za ta fito.

Ga abin da mai kantinka bai sani ba. Bara wani mai hoto daga Zariya ya haska wa ɗan damben nan Maikuɗi na Tsiga irin wannan fitila ana tsakiyar turmi. Mutanen Baba Labo, masu bin al'adar kakanni, suka watse suna cewa walƙiya ta sauka a kan Maikuɗi, ke nan ya taɓa rantsuwa da aradu a kan ƙarya. Har yau ba mai haɗa kwano da shi. Baba Labo ya ce mini in zo in ɗauke shi yadda nake so, amma in wuta ta ƙyasta daga hannuna, ba shi ba ni.

Don haka ka koma kantin. Kada ka dubi ƙyalli, ka dubi lambar da ke bakin gilashin. Ina son mai 2, in babu, 2.8. Ƙaramar lamba ita ce babban ido, shi ke shan haske. Ta kuma iya ƙiftawa da sauri, don dunƙulen Baba Labo ba ya jiran kowa. Ka haɗo da fim mai lamba 400. Ba malamin da ya koya mini wannan, a tsoffin mujallun da mishan ke zubarwa na tsinta, ina haɗa baƙi da kyar. In kyamarar tsohuwa ce duk ɗaya, ido nake nema.

Kada ka ce zafin kaina ne kawai. Ka fi ni sanin cewa tun ranar da aka yi wa Baba baftisma bai taka gidan ƙanensa ba, ya kuma hana mu zuwa dambe. Jiya muna ɗaure dawa, bai ko dube ni ba, ya tambaya ko a duhun siton nan fuskar mutum za ta fito sosai. Na ce in Yaya ya aiko da abin kirki za ta fito. Sai ya ce to, in wanke hoton guda biyu.

Ka ba direban da zai fara tasowa kyamarar, kada ka jira Kirsimeti. Ka gaida Rahab da Liatu da ƙaramar Jane. Inna da ƙanwarmu Ladidi suna gaishe ku. Baba ma ya ce in gaishe ka, kuma sau biyu yana tambaya ko na aika takardar.

Ni ne ƙanenka,
Enoch.