Rigar Ganyen da Ta Yi Rara

Bamgol, ashirin ga watan bakwai

'Yata Eun-ok,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki da yaran. Lafiyata ƙalau in ban da gwiwa. Kada ki buga waya, kin san kunnen. Ki yi haƙuri da rubutun, ban taɓa taka makaranta ba, abin da uwarki ta koya mini a jikin buhun taki ke nan.

Dawa ta yi kyau. Uwarki ta ware irin kafin ta kwanta, ni na shuka bayan mun binne ta a kan tudu. Ganye ya kai tsawon hannu. Saura kwana ashirin da biyar bikin kaka na Chuseok.

Jiya na gamu da Maeng mai injin casa a gindin bishiyar dandali. Ya ce, "Tsohon kunkuru, bana sai hutu ko? Ba wutsiya." Na ce, "Kai da ka shekara saba'in kana rowar waina, ina ruwanka da kunkuru?" Ya ce, "To shiga kai kaɗai, mu ga mai ƙafa biyu." Suka yi ta dariya, har da marasa haƙori.

Ki ji da kyau. Tun kakana gidanmu na Pyo ke fitar da kunkurun ganyen dawa. Shekarar ambaliya mun fita. Shekarar da aka haife ki mun fita, uwarki tana jego ta ɗaura ganye a zaune. Babba guda, mutum biyu a ciki, sauran 'yan gida kowa da rigar ganyensa suna biye, su ne 'ya'yan. Mu bi gida gida, kunkuru ya zube a ƙofa ya ce yunwa, a fito da wainar shinkafa, ya tashi ya sa wa gidan albarka. Ba a hannuna zai mutu ba.

Abu biyu nake nema. Ki zo ki shiga baya, inda uwarki ta shekara goma sha tara. Sai kuma ɗaurin. Ni yanka nake yi, ita ke ɗaurawa. Shekara hamsin ina zaune kusa da ita ban kalli hannunta ba. Na gwada, ganyen zamewa yake daga igiya.

Riguna uku zan yi, ta mijinki da na yara. Ni daidai zan ƙirga. Uwarki duk shekara sai ta yi rara guda, in ce mata, "Ke da kika yi aji huɗu, ƙirga ya gagare ki?" Ta ce hannu ne ya wuce.

Ki kula da kanki.
Ubanki, Pyo Deok-chil

Busan, ashirin da huɗu ga watan bakwai

Baba,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Yara suna gaishe ka, sun ce a bar musu ganye masu faɗi. Kana shan maganin gwiwar kuwa, ko yana kan tebur yana jiran ka?

Ga ɗaurin. Ganye biyu ake haɗawa, a lanƙwasa gindinsu a kan igiya, a zura ta ƙasa, a ja. Kai sama kake ja, na sani, shi ya sa yake zamewa. A yanka da safe da raɓa, kuma kada ya wuce kwana uku kafin biki, in ba haka ba ya bushe ya ruguje a jiki.

Za mu zo. Ka ƙara tawa rigar, su zama huɗu. Amma ba zan shiga baya ba, Baba. Wurin yana da mai shi.

Ina tsaye a ƙofar gidan Maeng ranar da Yaya Jae-gu ya gaya maka daga cikin kunkuru cewa zai bar gona ya tafi ƙera jiragen ruwa a Geoje. Ka yaye ƙoƙon kunkurun a gaban gari, ka ce daga yau ba ka da ɗa. Inna ce ta sunkuya ta shiga wurinsa don a ƙarasa zagaye.

Kuma Inna ta iya ƙirga. Washegarin kowane biki, kana barcin giya, take sa rigar da ta yi rara a kwali ta kai gidan waya ta aika wa Yaya. Goma sha tara. Ranar jana'izarta ma ya zo. Yana cikin mota a gindin tudu, bai fito ba. Sauran shi zai faɗa maka da bakinsa. Na rubuta adireshinsa a bayan takardar nan da manyan baƙaƙe.

Ka yafe mini in na ɗaga murya.
'Yarka, Eun-ok

Bamgol, ashirin da tara ga watan bakwai

Jae-gu,

Ni ne. Ina fata kana lafiya, kai da wadda aka ce ka aura.

Ƙanwarka ta ba ni adireshi, ban roƙa ba. Kwana biyu takardar tana ƙarƙashin tukunya.

An ce ka zo jana'iza ka zauna a mota kamar wani babban mutum. Tudun uwarka taku ɗari biyu ne, na ƙirga, ni mai shekara saba'in da tara na hau shi. Ƙafarka ta fi ƙarfinsa ke nan. To, wannan tsakaninka da ita.

Ba maganar da ta wuce zan tayar ba. Kunkuru ba shi da baya. Kai ka san takun, tun kana ɗan sha biyar kake riƙe da ƙuguna, ba ka taɓa taka mini diddige ba. Uwarka kullum sai ta taka. In ka zo ba sai ka ce mini komai ba. A ciki duhu ne, ba mai ganin fuskar wani.

Motar haya daga Icheon tana tsayawa a gada ƙarfe goma sha ɗaya.

Pyo Deok-chil

Geoje, huɗu ga watan takwas

Baba,

Na gaishe ka. Na ga saƙonka. Matata sunanta Hye-ran, tana gaishe ka.

Gaskiya ka faɗa, ban hau tudun ba. Shekara takwas da suka wuce ƙarfe ya faɗo mini a wurin aiki. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba na jin komai, a keken guragu nake. Daga cikin mota na hango ka a gaban makara. Ka tsufa.

Inna ta sani. Ta yi wata biyu tana zuwa asibiti wurina. Ni na ce kada a gaya maka, don na san abin da za ka ce: ai na faɗa.

Rigunan a bushe suke isowa. Hye-ran takan ɗora mini a kafaɗa, ganye ya yi ta zuba, ta share ɗaki. Igiyoyin suna nan duka, na rataye su a bayan ƙofa.

Ba zan iya sunkuyawa in riƙe ƙugunka ba, Baba. Ka nemi wani.

Ka huta lafiya.
Jae-gu

Bamgol, takwas ga watan takwas

Ɗana,

Ina gaishe ka. Ka gaida Hye-ran, ka ce na gode da shara.

Shekara takwas. Shekarar da ƙwari suka ci barkono ke nan. Uwarka ta ce likitan ido take zuwa a birni, ni kuwa ina ta faɗa wai ta bar ni da shinkafa mai sanyi. Ta dawo ba tabarau, ban tambaya ba.

Maganar taku ɗari biyu da na rubuta, in takardar tana nan ka ƙona ta.

Ban ce ai na faɗa ba. Ka duba sama da ƙasa, ban rubuta ba.

Ga yadda za a yi. Na faɗaɗa ƙoƙon, na sa sabuwar gora, na gwada shi a kan baro, ya rufe. Zai rufe kekenka. Kai za ka shiga gaba ka riƙe kan, ni in koma baya in tura. Maeng ya leƙo ya ce, "Yau kuma kunkuru ya yi taya?" Na ce, "Tafi ka jiƙa shinkafa, marowaci, bana baki biyu za mu buɗe."

Ranar goma sha uku zan yanka ganye. Ɗaurin ya zauna mini yanzu, ƙasa ake ja. Zan tsaya a gada.

Ubanka

Bamgol, goma sha shida ga watan takwas

Ɗana Jae-gu,

Ina gaishe ka.

Na tsaya a gada ranar goma sha huɗu, na tsaya ranar biki. Mota ta zo ta wuce. Ba laifi.

Kunkuru ya fita. Eun-ok ta ce bari ta zauna a baro ta riƙe kan. Na ce wurin yana da mai shi. Muka ɗaure kan da igiya, na tura. Ashe na baya ba abin da yake gani sai ƙasa. A ƙofar Maeng muka zube, bai jira an roƙa ba, ya fito da faranti biyu.

Riguna biyar na yi. Da safen nan na kai taka gidan waya. Na ciro takardar adireshi, matar gidan wayar ta ce, "Bar shi, Baba, na haddace."

Za ta iso a bushe. Wuyan ya ɗan karkace, ba hannun uwarka ba ne.

Na ware irin baɗi.

Ubanka