Kayanka Suna Hannuna, Saukar Salihatu Asabar Ce

Zuwa ga maigidana Baban Salihatu, inuwar kukar da nake hutawa, zumar Zugurma, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata.

Bayan gaisuwa mai yawa, ka sani da fushi na ɗauki biro, kuma son da nake maka ne ya hura wutarsa.

Wane irin uba ne 'yarsa za ta sauke Alƙur'ani ranar Asabar, yana can Sahon Rami yana gadin kwamfuta? Ka ce shirin da kake rubuta wa ƙungiyar manoma da yaren kwamfuta na Python ba zai yi aiki ba sai ka saka wata 'yar manhaja mai matse bayanai da ka kira laburare, kuma duk lokacin da ka ba da umarnin saukowa da ita sabis ya yanke. Shi ke nan sai iyali su jira sabis? Ni da na jira ka tun ina 'yar sakandare, yanzu eriyar waya ce za ta yanke mini hukunci?

Ban manta ranar da ka zauna gefen tabarmata ina tsintar wake ba. Ka jera ƙwayoyi a faranti, ka ce kowane manomi gurbi ɗaya ne: in ya samu iri a sa ɗaya, in bai samu ba sifili. Ka ce ita laburaren takan naɗe dogon layin sifili wuri guda, ta ware waɗanda suka samu iri ba su samu taki ba kafin ƙiftawar ido. Rabin bayanin ya wuce ni. Fuskarka nake kallo, tana haske kamar wata a daren sha huɗu. Ashe mu ma naɗe mu za ka yi ka ajiye a lungu!

Aikinka alheri ne, ban musa ba. Amma haƙƙin 'ya ba ya faɗuwa don an taimaki manomi, kuma Allah zai tambaye ka. Yarinyar nan kullum sai ta leƙa ƙofa in ta ji ƙarar babur. Ni kuwa tuwo ya daina yi mini daɗi.

Saƙonka na cika shi. Na je shagon kwamfutar Filibus, na nuna masa sunan laburaren da ka turo, ya sauko da wadda ta dace da Python ɗinka, ba wadda sai an harhaɗa ba, ya zuba a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a ɗauki bayanai. Ka ce in ba wa ɗan acaɓa ya kawo maka. Ba zan bayar ba. Filas ɗin yana ƙulle a bakin zanena. Mai so ya zo da ƙafarsa, ya zauna a sahun gaba, ya ji 'yarsa tana karatu, sannan in kwance masa.

Taka ni kaɗai, cikin fushi da cikin daɗi, har ƙasa ta rufe idona,

Ruka
Kontagora