Katafila Ta Karya Mata Baya

Gallipolis, Ohio
Satumba

Zuwa ga uwargidana Nadine,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da ƴarmu Corinne da mijinta da jaririn da har yanzu a hoto kawai na san shi. Yaya gwiwar taki? Yaya zafin Tucson? Nan lafiya lau, sai dai ni da waken gwangwani mun fara gajiya da juna.

Sharaɗinmu yana nan, ban manta ba. Mota guda kika ba ni. In na gyara ta na sayar da riba kafin ƙanƙara ta sauka, garejina ya tsira, mu ci gaba da zama a gidanmu. In ban ci riba ba, in rufe, mu koma kusa da Corinne.

To, na samu motar. Triumph ce ƴar 1967, ja, mai kujera biyu. Barewa ce ta faɗo gabanta a hanya aka yi karo, inshora suka ce gyaran ya fi kuɗin motar, suka tura ta gwanjon motocin haɗari. Gaban ne kawai ya lotse, sai lagireto. Na je filin gwanjon da kaina, na kwanta a ƙarƙashinta. Nadine, ƙashin bayanta, wato ƙarfen da duk gangar jikinta take zaune a kai, miƙe yake sambal, ba tsatsa ko ta magani.

Abin haushin, wai ni ba ni da izinin taya farashi, sai ta hannun dillali mai lasisi. Ta faɗo mini a dala dubu shida. Sai ga la'adar dillali, ga ta masu gwanjo, ga kuɗin taya ta intanet, har da wani wai kuɗin ƙofa. Na ce wa matar da ke kanta, "Baiwar Allah, ƙofar ma ni zan tafi da ita?" Ko murmushi ba ta yi ba. Kuɗi ya doshi dubu takwas ban taɓa sifana ba. Duk da haka ribar tana nan, kada ki fara ɗaure kaya.

Naki,
Orval

Gallipolis
Oktoba

Nadine tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida yaran. Na ji daɗi da gwiwar ta yi sauƙi. Ki zauna kafin ki karanta wannan, don ni a tsaye nake rubuta ta.

Mun je ɗaukar motar da tirelar maƙwabcinmu Hoyt. Na taho da igiya, nufina mu tura ta da hannu a hankali. Aka tsayar da mu a bakin ƙofa. Ashe dokar filin ita ce, mota takan zama taka da zarar an sallama maka, amma ba ka taɓa ta sai ta fito waje. Kuma ba a tura mota a can, ba a tuƙa ta. Wata ƙatuwar katafila ce mai dogayen haƙoran ƙarfe biyu take zura su a ƙarƙashin mota, ta ɗago ta sama. Motocin yanzu sukan jure, ko kuma ba mai damuwa. Wannan kuwa tsohuwa ce.

Na roƙi direban. Na ce, "Ɗan'uwa, bari in nuna maka inda za ka sa haƙoran." Ya tofar da tabar bakinsa ya ce, "Baba, koma bayan layin nan."

Ina tsaye bayan shinge na gan shi ya taho da ita a sama, yana gudu kan ramuka, tana rawa. Sai na ji ƙas! Kin san na san wannan ƙarar. Da ya dire ta a tirela, ƙofar direba ta ƙi rufuwa. Ƙashin bayan ya lanƙwashe, salansar hayaƙi ta baje, ƙasan motar ya kumbura ciki.

Na wuce ofis kai tsaye. Manajan ya ce ai an sayar mini da ita "yadda take, inda take". Na ce, "Yadda take yaushe? Ranar da na saya, ko bayan kun gama taka ta?" Ya ce kada in ɗaga masa murya, kuma in na bar ta a filin kuɗin ajiya zai fara hawa. Barewa dai ba ta san abin da ta yi ba, Nadine. Waɗannan har biyan su na yi.

A hanyar dawowa Hoyt ya ce, "Tsoho, ka fara sayen hular rana, Tucson na kira." Na ce ya kula da tuƙinsa.

Naki mai ɓacin rai,
Orval

Gallipolis
Nuwamba

Uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki sumbaci jikan a madadina, ki ce masa kakansa yana nan da ransa.

Na auna, na sake aunawa. Ƙashin zai miƙu, amma aikin sai ya kai bazara, kuma ya cinye ribar kaf. Hoyt ya kwarmata labarin a shagon kofi, sai ga wani mutum daga Indiana da babbar mota, mai sana'ar sayar da kayan tsofaffin motoci. Ya zagaya motata yana latsa waya. Ya ce, "Kaka, wa ke gyara irin wannan yanzu? A warwatse ta fi tsada." Inji da giya daban, ƙafafunta masu tsinkayen waya irin na keke daban, fitilu, kujeru, har agogunan gaban direba, kowanne ya yi masa kuɗi. Gangar kuma a ba ƴan gwangwan. Da ya haɗa, ya wuce abin da na kashe da kusan dubu biyu.

Kin gane ko? Riba ce. A lokacin ƙanƙara ba ta sauka ba. Da na ce to, da na ci sharaɗinmu, kuma ba ki da ta cewa. Hoyt yana ta zungurina da gwiwar hannu yana raɗa, "Karɓi, wawa! Karɓi!"

Sai mutumin ya ciro wuƙar aljihu ya fara ɓamɓare tambarin da ke bayanta, wai yana duba ko na asali ne. Ban san lokacin da na ce masa ya ɗauke hannunsa ba. Motar da aka yi ta jinya shekara da shekaru, ta tsallake barewa, ta tsallake katafila, ni ne zan ƙarasa ta don in riƙe gareji? Garejin me ke nan? Na raka shi har bakin titi. Hoyt bai sake yi mini magana ba sai da yunwa ta kawo shi.

Jiya da safe ƙanƙara ta sauka. Na faɗi, Nadine, kin ci. Zan sa gidan a kasuwa bayan Kirsimeti. Amma ki gaya wa mijin Corinne ya nemo mana gida mai gareji, ya auna ƙofar da kyau, don ba ni kaɗai zan zo ba. Kuma da hannu za mu sauke motar.

Naki har kullum,
Orval