Motar Baba Ba Ta Hawa Tudu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda na tsaya a makaranta. Na rubuto ne don waya ba ta riƙe sirri a gidan nan. Duk sanda ka kira, sai Baba ya ce a buɗe murya kowa ya ji.

Maganar injin nan ce. Na ji ka ce masa za ka turo babba a canja wa motar da ka saya masa. Don Allah Yaya kada ka turo.

Motar nan lafiyarta lau. Ni nake wanke ta, ni nake tada ta da safe kafin in fita rabon burodi. In na taɓa totur, amsawa take kamar an mintsine ta. Amma Baba ya ce ta mutu, wai a tudun bayan kasuwa masu keke ma wuce shi suke. Gaskiya ne suna wuce shi, ina gefensa na gani. Sai dai ni ba hanya nake kallo ba, ƙafarsa nake kallo. Yaya, ƙafar dama ba ta takawa. Zai cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi, shi a ransa ya danne totur har ƙasa, alhali ko rabi bai kai ba.

Na duba takalmansa. Na dama ya cinye ta baki, don jan ƙafar yake yi. Kofin shayi ma yanzu da hagu yake ɗagawa, shi da na sha ranƙwashinsa ina yaro a kan ci da hagu.

Na tambayi bakanikensa, ban faɗi dalili ba. Ya ce irin motar nan da tayoyin gaba take ja, su ne kuma na juyawa, aiki biyu a kansu. In aka ɗora mata inji mai ƙarfi ka taka da yawa, sitiyari fizgewa yake gefe guda, sai mai lafiyayyun hannuwa biyu. Ya ce an yi ta ne don a zauna a huta, ba don tsere ba.

Asibiti Baba yake buƙata. Na gwada faɗa masa, ya ce yaushe mai burodi ya zama likita.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Auta.

*

Autan Baba,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, har Antinka ta ce ashe ka iya tsara zance haka kake ɓoyewa. Muna lafiya, sai aiki da ba ya ƙarewa.

Kai dai tun kana ƙarami haka kake, kowa na kallon sama kai kana kallon ƙasa. Mutum mai shekarun Baba ai dole takalmi ya cinye, dole gwiwa ta yi ƙara. Jiya muka yi waya, muryarsa garau, har faɗa ya yi mini. Mara lafiya ba ya faɗa haka.

Tunda na bar gida bai taɓa buɗe baki ya nemi komai a wurina ba sai wannan. Ka ce in hana shi? Motar ma nauyi gare ta, ga kujerun fata, ga na'urar sanyi, duk inji ke ɗauka. Ƙarin ƙarfi ba zai cuce ta ba. Injin ya riga ya kama hanya. In na zo hutu zan kai shi a duba shi da kaina, in Allah ya so.

Ka gaida kowa, ka kuma rage tsorata kanka.
Yayanka.

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ka gafarce ni, yau gaisuwata gajera ce.

Ba za mu kai hutunka ba. Shekaranjiya muna dawowa daga wurin aski, an tashi makaranta, yara na tsallake titi. Na ga Baba yana so ya ɗauke ƙafa daga totur ya kai birki, ƙafar ta ƙi tashi. Da hannu ya kama gwiwarsa ya ɗaga ta, Yaya, da hannu! Ni na ja birkin hannu. Muka tsaya bambar motar tana taɓa jakar wata yarinya. Ko kuka ba ta yi ba, kallonmu kawai take. Da injin nan naka ne a ciki, da yanzu wata irin wasiƙa kake karantawa.

Ka san abin da ya ce? "Ka gani ko? Birkin ma ya fara."

Da muka shiga gida na durƙusa na ce, "Baba, don girman Allah ka ba ni makullin nan." Ya ce, "Ni za ka karɓe wa makulli? A kan cinyata ka koyi riƙe sitiyari." Na ce ba motar ba ce, ƙafar ce. Ya ce, "Ƙafar ubanka!" Sai kuma ya shige ɗaki. Yanzu makullin a ƙarƙashin matashinsa yake, gaisuwata ma da ka yake amsawa.

Inji ya iso, yana gareji cikin akwatin katako. Na gaya wa bakanike komai, na roƙe shi ya ja lokaci. Ya yi ƙaryar wani ƙarfe bai zo ba, ya yi ƙaryar rashin wuta, ya ce ƙaryarsa ta ƙare. Kullum sai Baba ya je ya zauna a benci yana kallon akwatin. Kuma shi yake kai kansa. Duk sanda na ji ƙarar fitarsa sai in kama addu'a. Na yi tunanin sace makullin, na yi tunanin zuba wa tankin ruwa, na kasa. Abinci ba ya shiga. Jiya burodin wani shago na sauke a wani shagon.

Kai yake jin maganarka. Ka kira shi ka ce ka fasa. Ni ma ban taɓa roƙonka komai ba.

Auta.

*

Ƙanena,

Salam. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na yarda da kai.

Na kira shi, ina fara maganar ya kashe waya. Akwai abin da ba ka sani ba, lokacin ana goya ka. Ranar da ciwon Mama ya tashi, a tsohuwar motarmu ya ɗauke ta, ina baya riƙe da kanta. A wannan tudun na bayan kasuwa motar ta gaza. Ya taka, ya taka, tana komawa baya, sai da mutane suka tura. Da muka isa asibiti aka ce mun makara. Tun ranar bai sake taka ƙofar asibiti ba, kuma bai yafe wa mota mara ƙarfi ba. Shi ya sa na saya masa wannan, shi ya sa na kasa ce masa a'a.

Duk wanda ya ce masa ba laifin mota ba ne, ba zai ji ba, ko ni ko kai. Na nemi izini a wurin aiki, sun ce sai ƙarshen wata. Ban san dabara ba, Auta. Kai ne a kusa. Duk abin da ka yi na amince.

Allah ya dafa maka.
Yayanka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Wasiƙarka ta sa ni kuka a cikin motar burodi, amma ta buɗe mini hanya. Tunda ba zai ji daga bakin mutum ba, na ce bari ya ji daga bakin motar.

Bakanike yana da ƙa'idarsa. Ba ya sauke inji sai an fita da motar ya saurare ta tana tafiya, mai ita yana nuna masa inda take gazawa. Baba ya san da haka, bai yi musu ba. Da muka je bakanike ya ce shi baya zai zauna ya kasa kunne, Baba ya zauna gaba ya nuna wurin. Sai ya ce, "Auta, kai ja mu." Baba ya daɗe yana juya makullin a hannu, sannan ya miƙo bai dube ni ba. Ya ce, "Kai mu tudu ku ga abin da nake faɗa."

A gindin tudun na yi bismillah na taka kaɗan, wallahi kaɗan. Yaya, ta haye kamar ana jan ta da igiya daga sama, ga mu duka a ciki, ga na'urar sanyi a kunne. Baba ya ce, "Koma." Na sauko na sake hawa. Ya ce, "Koma." Wannan karon ba hanya yake kallo ba, ya sunkuya yana kallon ƙafata yadda na sha kallon tasa. Sannan ya dubi tasa.

Bakanike ya ce a sauke shi a nan, wai yana da saƙo.

Ka san a saman tudun hanya ta rabu, hagu gida, dama asibiti. Na tsaya, na bayanmu suna ta hon. Ya ce, "Kurma ne kai? Ba ka ji ana yi maka hon?" Na ce, "Ina za mu, Baba?" Can ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna dama.

Sun kwantar da shi. Likita ya yi mana faɗa sosai, ya ce me ya hana mu zuwa tun farko. Amma Yaya, bai ce mun makara ba.

A bencin asibitin nake rubuto maka. Ka gaida Anti.
Ƙanenka, Auta.

*

Kai babba,

Ina gaishe ka. Auta ne ke rubutawa ina faɗa, kuma zan sa a karanta mini don kada ya ƙara nasa.

Injinka yana gareji, ka san yadda za ka yi da shi. Motar ba ta so. Ɗan'uwanka ne ke ja na yanzu, tuƙinsa kamar mai ɗauke da ƙwai, amma muna isa.

In za ka zo ka taho mini da sanda. Mai ƙarfi.

Allah ya yi muku albarka.
Babanku.