Maiturare

Katsina

Yaya Maliki,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Anti Shatu. Inna ta samu sauƙi, amma likita ya ce jinyar sai mun ƙara wata guda. Tunda wayarka ta fi son aljihu, na ba direban Sandamu wannan takarda.

Awakin da na bar maka, a riƙa sauya musu fegin kiwo duk kwana huɗu, masu tatsa a ƙara musu harawa. Sai bunsuruna, Maiturare. Uwarsa nono kwano guda take bayarwa kullum, ta mutu bara, shi kaɗai ta bari. Shekara shida ina zaɓen iri kafin na same shi. In na dawo zan haɗa shi da awaki takwas ɗin. Kada ka ba kowa aronsa.

Ƙanwarka,
Murjanatu

Sandamu

Murjanatu,

Assalamu alaikum. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Awaki lafiya lau, nono har Shatu na rabawa.

Na yi miki wani gyara. Warin bunsurun nan ya hana maƙwabta sakat, ko shanya Shatu ba ta iya yi. Na kira Kalilu mahauci ya dandaƙe shi, kamar yadda Baba yake yi wa duk bunsurun da ya balaga. Ki zo ki ga yadda ya natsu, har ya fara ƙiba. Ban ba kowa aronsa ba.

Yayanki,
Maliki

Katsina

Yaya,

Na amsa gaisuwa. Na karanta takardarka sau biyu a bakin gadon Inna. Ta tambaye ni wa ya mutu, na ce babu kowa.

Laifina ne. Na lissafa maka harawa da fegi, na manta ban ce a bar shi namiji ba. Baba nama yake kiwo, ni nono nake kiwo. Da bakinka kake faɗa wa mutane haka, kana dariya. Ka gaida maƙwabta, ina taya su murnar iska mai daɗi.

Murjanatu

Sandamu

Murjanatu,

Bayan gaisuwa, ku 'yan boko kun cika ɗaukar abu da zafi. Bunsuru ne fa. Ranar kasuwar Daura zan sayo miki wanda ya fi shi girma. Ki huta lafiya.

Maliki

Sandamu

Yaya,

Barka da yamma. Mun iso da Inna ɗazu, na duba awakin. Wanda ka sayo babba ne, gaskiya. Ban dai san uwarsa ba. Ga shi nan na dawo maka da shi, tare da taurenka Maiturare. Ya yi ƙiba, aikinka ya yi kyau.

Ka ba mai kawo su mabuɗin garken.

Allah Ya bar zumunci.

Murjanatu